Karen da Uche Ya Bari

A Tudun Wada, idan ka ce kana neman Nagoda, sai a tambaye ka, "Mai faci ko mai karnuka?" Duk mutum ɗaya ne. Rumfarsa tana bakin titi, da injin ba da iska, da tsohon bahon da yake tsoma taya a ciki don gano huda. Dattijo ne siriri mai ɗingishi, ba shi da yawan magana.

Sunansa na yanka Zulkiflu. A Dutsen Abba aka haife shi, a gidan mafarauta, ya tashi cikin karnukan mahaifinsa. A can ya ga yadda ake shigar da baƙon kare cikin na gida. Tsohon ba ya taɓa haɗa su fuska da fuska. Daji yake fita da su, baƙon yana can gefe, ana tafiya ana tafiya, har kowa ya saba da warin ɗan'uwansa.

Nagoda ya yi farauta har bayan ya auri Ishatu. Sai dajin ya riƙa komawa gonaki da fuloti, sannan wata shekara ya faɗi da babur, gwiwarsa ta goce, ɗorin bai kama daidai ba. Ya ajiye gora, ya koyi faci, suka dawo Tudun Wada. Daga zuriyar karnukan gidansu guda ɗaya ta rage a hannunsa, wata jar karya mai sanyin hali da yake kira Shiru. A kangon bayan gida take kwana. Yana da wata tsohuwar riga da yake sawa in zai je wurinta, in ya dawo ya rataye ta a waje, ya wanke hannu, ya wuce masallaci.

A haka yake zaune har ranar da Euphemia ta tsaya a bakin rumfarsa. Shagon kayan abinci gare ta a layin baya, kowa Maman Chiagozie yake ce mata. A Zariya aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Mijinta Uche, mai sayar da kayan gyaran babur, ya rasu shekarar da ta wuce, ɗansu kuma yana karatu a kudu. Ita kaɗai ce a gidan, sai wani baƙin kare ƙato da marigayin ya raina tun yana kwikwiyo, mai suna Kwamanda.

Bayan sun gaisa ta ce, "Baba, wurinka aka turo ni. Karena ya jawo mini magana."

Ta ba shi labari. Maƙwabcinta Alhaji Sharfaddeen yana da maigadi. Wata rana maigadin ya fito da karen gadin gidansu, sai Kwamanda ya tsinke sarƙa ya faɗa wa karen, ya yaga masa kunne. Alhaji ya kai ƙara wurin mai unguwa, yana cewa yau kare ne, gobe ɗan wani. Mai unguwa ya ce ko dai a fitar da karen daga unguwar, ko a kashe shi. Da ƙyar ta roƙi arziki aka ba ta zuwa ƙarshen damina.

"Ya taɓa cizon mutum?"

"Ko sau ɗaya. Yaran layinmu har kunnensa suke ja. Amma in ya hango kare, sai ka ce ba shi ba ne."

Da la'asar Nagoda ya je gidan. Ya tsuguna nesa kaɗan, bai kalli karen cikin ido ba. Can sai Kwamanda ya matso yana shinshinar ƙafarsa. Sarƙa ta ci masa wuya har ya yi gyambo, ga kuma wani tsohon tabo a cinyarsa. Euphemia ta ce karnukan bola ne suka taɓa tarar masa yana ƙarami, tun daga nan Uche ya ɗaure shi.

"Maman Chiagozie, wannan kare naki ai matsoraci ne."

Ta buɗe baki. "Kwamanda? Matsoraci?"

"Ƙwarai. Gani yake in bai riga su ba, za su riga shi."

Ya ce ta fara kai shi wurin likitan dabbobi, a duba wuyan, a yi masa allurar rigakafin haukan kare. A cire sarƙar, a kewaye masa wani ɓangare na tsakar gida. Ya sa wani baduku ya ɗinka takunkumin fata mai faɗi, wanda karen zai iya haki da karɓar abinci ta cikinsa. Sannan ya gaya mata abin da bai yi mata daɗi ba: ita za ta riƙe igiya.

"Ni? Baba, ya fi ƙarfina."

"Ni ƙafata ba ta ja. Kuma ko da tana ja, ba a gidana zai zauna ba."

Da wuyan ya warke, suka fara haɗuwa da sassafe a wani filin ƙwallo, kafin ta buɗe shago. Nagoda da Shiru a wancan ƙarshen, ita da Kwamanda a wannan, da ƙunshin gutsattsarin busasshen kifi a gefen zaninta. Duk lokacin da Kwamanda ya hango Shiru bai yi haushi ba, sai ta ba shi ɗan kifi. In ta ga ya sandare, gashin bayansa ya tashi, sai ta juya da shi su ƙara nisa. Babu duka, babu tsawa. Shiru kuwa kwanciyarta take yi tana hamma, ko kallonsa ba ta yi.

"Saki igiyar nan kaɗan!" Nagoda yakan ɗaga murya daga can. "Kin ƙanƙame ta. Tsoronki yake ji a wuyansa."

Makonni suka shuɗe, tazarar tana raguwa. Masu zuwa gona sukan tsaya su yi kallo, wasu su yi dariya su wuce. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Euphemia ta ga damina ta fara ja baya, hankalinta ya tashi. Ba ta jira Nagoda ya yi mata alama ba, ta nufo su kai tsaye. Kwamanda ya yi wani irin gurnani ya zabura, ya fizge ta ta faɗi cikin taɓo, tafin hannunta ya ɗaye. Allah ya sa ba ta saki igiyar ba, kuma takunkumin yana nan.

A tsakar gidan Nagoda ta zauna tana kuka, Ishatu tana wanke mata hannu da ruwan ɗumi da gishiri. Ta ce ta gaji. Masu sayen karnukan nan da ke yawo da keji a bayan babur sun riga sun zo mata, gobe za ta kira su.

"Kin san inda suke kai su," in ji Ishatu a hankali.

"Na sani, Mama. Shi ya sa nake kuka. Har yau in magariba ta yi, bakin ƙofa yake zuwa ya zauna, lokacin dawowar Uche."

Nagoda ya bari ta sha kunun da aka miƙo mata, sannan ya ce, "Abin da ya koya bai zube ba. An matsa masa ne. Gobe mu koma inda muka fara."

Ta zo. Wannan karon Kwamanda bai daɗe ba ya dawo hayyacinsa. Daga nan Nagoda ya sauya salo, suka riƙa zagaya filin a tare, shi da Shiru a gaba, su a baya can gefe, kowa ya fuskanci gabansa. Yana ɗingishi, yana tsayawa ya huta, amma bai taɓa fashi ba. Sannu a hankali har suka kai ga jerawa, faɗin hanya ne kawai a tsakaninsu. Ya aro wasu karnukan daga tsofaffin abokan farauta, aka yi da su su ma.

Wata rana tana dawowa daga filin daga ita sai Kwamanda, ta shawo kwanar layinsu, sai ƙofar gidan Alhaji Sharfaddeen ta buɗe. Maigadi ya fito riƙe da karen nan mai yagaggen kunne, Alhaji kuma yana tsaye jikin motarsa. Babu wurin kaucewa. Kwamanda ya tsaya cak, gashin bayansa ya miƙe. Ta sassauta igiyar ta kira sunansa. Ya yi ɗan gurnani ƙasa-ƙasa. Sai ya juyo da kai ya dubi hannunta.

Ta ba shi kifin. Suka bi ta ɗaya gefen, suka wuce.

"Madam," Alhaji ya kira ta. "Wannan shi ne karen nan?"

"Shi ne, Alhaji."

Ya daɗe yana kallonsa. "Ikon Allah. To, a dai riƙa sa masa abin nan a baki in za a fito. Zan yi wa mai unguwa magana."

Da ta kai karen gida, ba ta ma buɗe shago ba. Rumfar Nagoda ta nufa, ta zauna a kan benci tana ba shi labari tana dariya tana share ido. Ya saurare ta har ƙarshe, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi." Sai a ranar ya gaya mata cewa shi ma tun ranar da ta faɗi cikin taɓo bai sami natsuwa ba.

Kwamanda bai zama mai wasa da karnuka ba, kuma Nagoda ya ce kada ta sa rai. Wucewa dai yake yi ya bar su, hakan kuwa ya ishi kowa a layin.

Labari ya bazu. Yanzu daga Hanwa da Kwangila ake kawo masa karnuka, galibi na ma'aikata da 'yan kasuwa. Ba kowa yake karɓa ba. Wanda ya aiko da direba ya ce a gyara masa kare a dawo da shi, sai ya ce a gaishe shi, in ya sami sarari ya zo da kansa. Shiru ta tsufa, ba ta iya zagaya fili kamar da, don haka ya karɓo wata 'yar kwikwiya daga ƙauye yana rainonta. Ishatu ta ce wannan rawar kanta ta yi yawa, ta cinye mata takalmi har ta fara taɓa tabarma. Shi kuwa ya ce a bar ta tukuna, bai ga ta taɓa tsorata da komai ba, kuma abin da yake nema ke nan.