Gulbin da Ya Nutse a Yashi

A gidanmu na Ƙarfi, in an gama girbi, da karan dawa muke hura wuta bayan sallar isha'i. Kakarmu Iya, wadda ta haifi babanmu, takan zauna kusa da wutar tana ɓare gyaɗa. Ba 'yar nan ba ce. Shekarar yunwa ce ta kawo ta daga can arewa tun tana budurwa, kuma ba ta taɓa komawa ba.

Tatsuniya ɗaya ta fi maimaitawa. Wata yarinya ce ta je wanki, ruwa ya tafi da ƙwaryarta, ta bi gulbin tana nema. Ta wuce jan dutse, inda ruwan ya rabu biyu, ta bi na hagu. Can gaba gulbin ya nutse cikin yashi, sai mata sun tona da hannu suke samun na sha. Daga nan ya sake ɓullowa a bakin wani gari, ƙwaryar ta tsaya a ƙofar ƙanen yarinyar.

Iya takan faɗi sunan garin, ta kuma faɗa. Ni kuwa a lokacin hankalina yana kan masarar da na tura cikin toka.

"Sani, mijin banza, mi na ce?"

"Na ji, Iya."

"Ka ji ƙamshi dai."

Da ta rasu, ina da 'ya'ya biyu, babanmu ya ce tana da ƙane a can, ya kamata a kai masa labari. Shi babanmu bai san garin ba, don lokacin tatsuniyar a masallaci yake yin hirarsa. Kowa ya dube ni, don ni na fi zama gabanta.

Na je tasha a Funtuwa. Wani dattijon direba ya ce, "Malam, ina za ka?" Na ce inda gulbi ke shiga yashi. Bai yi dariya ba. Ya ce duk gulaben arewa haka suke da rani, in ba shi suna. Na tsaya ina murza hulata, sannan na koma gida.

Yanzu na gane hanyar gidansu take koya mana, ta sa ta a tatsuniya don kada mu manta. Abin da ke damuna kullum shi ne, in ƙanen nata yana raye, har yau lafiya yake roƙa mata, ba gafara ba.