Dambun Bayan Zana

Tun da fari in sauƙaƙe muku: wawan wannan labari ni ne, kada wani ya wahalar da kansa yana nema.

A shekarun farko na mulkin kai aka ɗauke ni planto, wato ɗan aike, a wani ɗan buro, ofishin gwamnati, a Gidan Rumji. Lakol ɗin da na yi, wato bokon, bai taka kara ya karya ba, amma ya isa in gane kan takarda da gindinta, kuma a ƙauyenmu na wajen Sae Sabuwa wannan babban ilimi ne. Na zo da amaryata, 'yar wajen Gidan Sori, muka kama ɗaki a gidan wani dillalin gero.

Planto da ƙafa yake ci. Ana aikena, na san garin lungu-lungu, har na san gidan da ake suyar waina da man shanu na gaskiya. Sai dai magidanci ba ya tsayawa a idon kasuwa yana lasar yatsa, za a ce ba a hura wuta a gidansa. Don haka na shiga neman inda ciki zai samu, ido bai gani ba.

Haka na gano wata 'yar hanyar ƙafa. Daga bayan marina take tashi, ta ratsa gonakin gero, ta gangara bakin gulbi ƙarƙashin gawo da goriba. Ba ka jin komai sai kurciya, wani lokaci jaki daga nesa. A buro kowa da tsawa yake kirana, daga kumandan har mai shara. A wannan hanya babu mai aikena. Nakan cire takalmi in taka yashi, in ji kamar ni ma an ba ni nawa mulkin kan.

A ƙarshen hanyar akwai gida a gefen gari, kewaye da zana. Wata tsohuwa ke sayar da dambu a ciki. Ka yi sallama ta baya, hannu ya fito ta tsagar zana da 'yar ƙwarya: dambun gero da zogale, an ratsa shi da man gyaɗa da ƙuli. Fuskarta ban taɓa gani ba. Nakan zauna kan wani kututture in share ƙwaryar tas.

A gida kuwa, akushi yadda ya zo haka yake komawa. Matan gidan suna gani, kuma ba a taɓa yin akushin da ya koma cike ba tare da an yi masa tafsiri ba. Matata ta sake miya, ta sake gari, har dambun ta yi mini, na ɗan tsakura na ce na ƙoshi. Ta daina raha. Wata safiya na iske ta tana wanke tukunya tana share ido da gefen zane. Ni da ilimina sai na ce hayaƙi ne.

Rannan bayan azahar na isa kututturena, aka miƙo ƙwarya. Daɗi ya kwashe ni, baki ya buɗe.

"Iya, Allah ya albarkaci hannun nan. Da a ce ta gidana ta iya rabin wannan, ai da na yi ƙiba."

Sai na ji wata 'yar murya a ciki ta ce, "Kaka, shi ne." Muryar da nake ji kullum in an kawo mini ruwan alwala.

Ashe tsohuwar kakar matata ce, wadda ta goye ta; aure ne ya kawo tsohuwar garin nan tun da daɗewa. An sha gaya mini in je gaisuwa, ina cewa aikin buro ya yi yawa. Ita kuwa matata ta zo ne ta roƙi a sake koya mata girki, don tana jin hannunta ne ya lalace, kuma tana tsoron a mayar da ita gida.

Zana ta buɗe. Tsohuwa ta fito, 'yar guntuwa, ta dube ni daga hula har ƙafafuna masu yashi.

"Kai ne mushen namu, malamin buro? Maigidan nawa da ba ya zuwa gaisuwa sai ta bayan gida?"

Na tashi, na durƙusa, ƙwarya na hannu, na rasa inda zan ajiye ta. Na fara kame-kame, wai ai hanyar ce ke da daɗi, iska ce, shirun ne. Kuma har ga Allah yau da na tsufa na san akwai gaskiya a ciki. Amma na ƙara da cewa, "Kuma dai, Kaka, dambunki daban ne."

"Daban da mi? Ni na koya mata, kuma wanda ka lashe yanzu ita ta turara shi. In tahiya ce ke buɗe maka ciki, ka kewaye gari har ƙahwarka ta tsage, ka koma ka ci na gidanka."