Tokar Mishmish

Har yau ranar da akwatin Mishmish ya dawo ba ta fita daga raina ba. Wata Talata ce cikin watan Sha'aban, ina shekara ta biyu da fara aiki a asibitin dabbobin nan na unguwar Ma'adi. Saboda ku nake rubuta wannan, Rabi da Ikhlas, tunda yanzu ku ke zama a teburin da na zauna.

Ni dai matar gida ce. Karatun maigidana, Baban Sumayya, ne ya kawo mu Alƙahira, muka kama gida a Hayyin Ashir. Wata maƙwabciyata 'yar Sudan ta ji ana neman mai jin Turanci da ɗan Larabci ta riƙa karɓar baƙi da safe, ta kai ni. Kafin nan ban san ana kai kyanwa asibiti ba, balle a ƙone gawarta a mayar wa mai ita da toka. A Zariya in mage ta mutu, rami ake haƙawa a bayan gida, shi ke nan.

Ga yadda tsarin yake a lokacin. Daktura Hala ce mai asibitin, ita ke duba dabbobi. Yayanta, Ustaz Magdi, shi ke kula da ma'aikata, amma ko kyanwa ba ya taɓawa. Sai ni a tebur, sai Ammu Fathi direba, dattijo marar yawan magana. In dabba ta mutu, mai ita yana da zaɓi uku: ya tafi da ita ya binne, ko a haɗa ta da wasu a ƙone ba a dawo da komai ba, ko a ƙone ta ita kaɗai a dawo masa da tokar. Da yake yawancin mutanen garin nan a bene suke zaune, ba su da ko taƙin ƙasa, da dama na ukun suke zaɓa. Ni ke cike takarda. Ammu Fathi ya kai gawar tanderun da ke bayan gari, ya dawo da ɗan akwatin katako. In liƙa suna, in miƙa. Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Mishmish tsohon muzuru ne mai launin ruwan lemo, na wata tsohuwar malamar makaranta, Madam Nadiya. Mijinta ne ya tsinto shi yana ƙarami, ya rasu ya bar mata shi. Ranar Juma'a za ta tashi zuwa wurin ɗanta a Kanada, tana son tafiya da tokar.

Ranar Talatar nan, ina cikin liƙa sunan sai murfin ya zame. A ciki akwai leda, a cikin ledar kuma wani abu fari-fari, garas-garas, kamar tsakuwar da ake tsincewa a shinkafa. Na ɗaga ledar na ji nauyi.

Ku sani, ni toka ba baƙuwata ba ce. A gaban murhun kakata na girma. Na kwashe toka, na wanke tukunya da ita, na ga an tarfa ruwanta a miya. Toka laushi gare ta, in ka hura ta tashi. Wannan kuwa ko fanka aka sa masa ba zai motsa ba. Take zuciyata ta ba ni labari daga farko har ƙarshe: Ammu Fathi ya gaji da dogon tuƙi, ya jefar da muzurun a juji, ya ɗebo tsakuwar sahara ya cika akwati.

Daktura ta tafi duba dawakai a wata gona, na kira ta sau uku ba ta ɗauka ba. Sai na kira Baban Sumayya.

"Malam, in an ƙona kyanwa, me ke fitowa?"

Ya ce, "To, abin da aka hana ƙarara shi ne azabtar da mai rai da wuta. Matacciya kuwa, binnewa ya fi, amma akwai tafsili a cikin mas'alar..."

"Ba hukunci na tambaye ka ba. Launin tokar nake tambaya."

"Hajara, a ina zan san launin tokar kyanwa? Ina cikin darasi."

Na ajiye waya, ruɗanina ya zama biyu. Ga tsakuwa a hannuna, ga kuma tafsilin da ban nema ba.

Ana haka Madam Nadiya ta shigo tana dogara sanda, tun kafin lokacin da muka yi da ita. Ta miƙo hannu. Na kasa sakin akwatin.

Ta ce, "Lafiya, ya binti, 'yata? Kin rungume shi kamar za a ƙwace miki."

Amana nake gani a gabana. In na miƙa, na taya a cuci tsohuwa ta ɗauki tsakuwa har Kanada. Sai bakina ya riga tunanina.

"Madam, ma'alish, ki yi haƙuri, wannan ba toka ba ce."

Ta duba cikin ledar, ta nemi kujera ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai take yi, "To ina yake? Ina suka kai shi?"

Ustaz Magdi ya fito daga ofis, na maimaita masa har da maganar juji, wadda ban gani da idona ba. Shi ma bai taɓa leƙa cikin akwati ba. Ya murza abin a yatsa, fuskarsa ta yi ja, ya leƙa waje ya ƙwala wa Ammu Fathi kira. Dattijon ya shigo da tsumma a hannu, wandonsa jiƙe da ruwan wankin mota.

Ustaz ya ce, "Ajiye makullin motar a nan. Khalas, an gama. Shekara nawa kana kawo mana yashi?"

Ammu Fathi ya dubi akwatin, ya dubi Ustaz, sannan ya dube ni. "Wa ya ce yashi ne?"

Na ce, "Ammu, ni na san toka."

"Tokar me kika sani, ya Ummu Sumayya?"

"Ta itace."

"To Mishmish itace ne?"

Ya ajiye makullin a kan teburina a hankali, ya ce a ba shi izini ya ɗauko abu ɗaya a mota. Ya dawo da 'yar ambulan, ya zazzage ta a tafin Madam. Wani siririn ƙarfe ne, tsawon ɗan yatsa, wuta ta mayar da shi baƙi.

Ya ce, "Masu tanderu ne ke tsince irin wannan kafin niƙa. Na ajiye ne in ba Daktura."

Madam ta ɗora hannu a baki. "Ƙafarsa ta baya! Ya taɓa faɗowa daga hawa na huɗu yana bin tantabara, ta karye. A nan aka sa masa."

Daidai nan Daktura ta kira. Ustaz ya gaya mata abin da ake ciki, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ta ce wutar tanderu ba ta murhu ba ce, gashi da nama duk cinye su take yi, ba ta barin komai sai ƙashi. Ƙashin ake bari ya huce a niƙa. Toka dai suna ne kawai ake kiran sa. Ta ƙare da cewa, "Magdi, mayar wa mutum makullinsa."

Ni a zatona magana ta ƙare. Sai Madam ta ce, "Niƙa? Kun niƙa shi?" Ashe ita ma ba ta sani ba. Na tsaya ina jiran sabon tashin hankali, na rasa ko haƙuri zan ba ta ko bayani. Can ta rufe murfin da kanta, ta ce, "Na ɗauka hayaƙi ya tafi da shi duka, ragowar bargon da aka naɗe shi a ciki za ku ba ni. Ashe shi ne da kansa." Ta sa ƙarfen a jakarta, ta gode wa Ammu Fathi shi kaɗai, ta fita.

Ammu Fathi ya ɗauki makullinsa ya koma wankin mota. Washegari na dafa masa shayi da na'ana'a na kai masa bakin ƙofa, bai taɓa ba. Rana ta biyu ma haka. A ta uku na tsaya a kansa na ce, "Ammu, don Allah ka yafe min. Na zarge ka da abin da ban gani ba."

Ya ce min duk dabbar da aka ce a ƙone ita kaɗai, ba ya barin wurin. Yakan tsaya ya ga an share tanderun, ya yi bisimilla a sa ta, ya zauna a rana har a gama. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa.

"Kin kira mijinki, kin gaya wa Madam, kin gaya wa Ustaz. Ni kuwa ina nan bakin ƙofa ina wanke mota. Taku goma ne tsakaninmu."

Sannan ya ɗauki kofin ya kurɓa, ya ce sukari ya yi kaɗan.

Hukuncin ƙonawar, har yau ban gama fahimta ba, kuma in nawa ne binnewa zan yi. Amma daga ranar, duk wanda na cike wa takarda sai na gaya masa tun da wuri abin da zai tarar a cikin akwati, da launinsa da nauyinsa. Ku ma ku riƙa faɗa. In kuma wata rana kuka ga abin da ya saɓa wa wanda kuka sani tun daga gida, kada ku fara da waya. Ku tashi ku yi takun nan goma.