Falsafar Ƙwarin Gyaɗa

Ni tun ina ƙarami ba na saurin yarda da mutum, kuma ban taɓa jin kunyar wannan hali ba sai shekarar da na nemi tafiya Ingila karatun dakta, ana saura shekara biyu a ba mu mulkin kai.

Lokacin ina aiki a wani ɗakin bincike kusa da dalar gyaɗa. Aikina ƙwari ne: in farke buhu, in tankaɗe, in ware masu rai da matattu, in rubuta. Wani farfesa a Ingila ya karanta rahotona, ya ce in aiko da takarduna, yana da gurbin mutum ɗaya da zai shekara uku yana binciken ƙwaron da ke cinye mana gyaɗa. Na aika. Amma ban ba da adireshin ofis ba, domin akwai wani abokin aikina ɗan Mandawari da ya cika yi mini murmushi, ni kuwa yawan murmushi bai kwanta mini ba. Sai na ba da akwatin gidan waya na wani Alhaji mai fataucin fata a Ƙofar Wambai, aminin mahaifina. A ganina na yi wayo.

Wata biyu shiru. Na zargi ɗan Mandawari, har na daina cin ƙosansa. Na zargi Baturen ofishinmu, na ce ba ya son rasa mai tankaɗe. Masinja ma bai tsira ba, kullum sai na bi jakarsa da harara. Farfesan kansa na ce ƙila ya gano baƙar fata ne ni, ya fasa.

Ana nan sai ga saƙon tangaraho daga farfesan a ofis: an ba ni gurbin, wasiƙa ta tafi tuni, in ban amsa cikin mako biyu ba za a ba wani. Ban ko cire rigar aiki ba na hau keke sai Ƙofar Wambai, na riga na shirya baƙar maganar da zan gaya wa Alhaji.

Ya dube ni ya ce, "Wasiƙa mai kan sarki na Ingila? Ai tun kafin Sallah na ba Malam hannu da hannu."

Malam shi ne mahaifina. Duk Kano shi kaɗai ne bai zo mini a rai ba.

Na same shi a zaurenmu na Koki bayan la'asar, masu ɗaukar karatu sun watse. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, an ce akwai takardata."

Bai musa ba. Ya zaro ta daga cikin wani littafin tauhidi, amma bai miƙo ba. Ya ce ya kai wa wani malamin makaranta mai jin Turanci da Larabci ya karanta masa, an ce masa sunan digirin Dakta na Filosofi. Ya ce, "Filosofi kuwa falsafa ce. Ilimin da ya sa mutane suka ce duniya ba ta da farko. Kai ka ce mini ƙwari za ka karanta. Ashe ɓoye mini ka yi?"

Sai na gane duk kwanakin da nake zargin mutane, a gidanmu ni ake zargi. Shi ya sa yake tsare ni da ido in na idar da salla. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ni kaina ban san abin da ya haɗa ƙwaro da falsafa ba. Na ce suna ne kawai irin na Turawa. Ya ce Turawa ba sa sa suna a banza.

Washegari na ari madubin ofis mai ƙara girman abu, na ɗaure a bayan keke, da kwalbar ƙwari a aljihu. Na dasa shi a bakin zaure inda haske yake. Malam ya sa ido a ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Yana kallon ƙwaro guda, yana tasbihi a hankali.

Ya ce, "Har da gashi a ƙafarsa. Wa ya yi masa?"

Na ce, "Allah."

"In ka shekara uku a can, wa za ka ce ya yi masa?"

Na ce, "Allah."

Ya dube ni irin duban da nake yi wa ɗan Mandawari. Sa'an nan ya jawo tawada da alƙalami, ya sa na nuna masa kalmar Filosofi a jikin takardar. Ya yi rubutu ƙanana a samanta da ajami, kamar yadda yake yi wa kalma mai wuya a littattafansa, ya miƙo mini.

A ranar na buga amsa. Na yi shekaruna uku, na dawo, Malam bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Ban san ko ya yarda da ni ba, ko kuwa ƙyale ni ya yi. Takardar tana nan a akwatina. A saman Filosofi, da hannunsa, an rubuta: ƙwarin gyaɗa, in ya yi gaskiya.