Bakanike da Kyanwar 'Yarsa

A asibitin dabbobi, wani ƙaton mutum na zaune kusa da ni a kan benci. Faratansa duk baƙin mai, da alama bakanike ne. Yana rungume da wata 'yar kyanwa cikin tawul, ta rame sai idanu. Da sirinji yake ɗiga mata ruwa a baki, yana lallashinta kamar jaririya.

"Zawo ne," in ji shi, ban ma tambaya ba. "Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta kama hanjinta. In ruwan jikinta ya ƙare, shi ke nan. Ta 'yata ce, kuma na yi alkawarin dawo mata da ita da rai."

Ina gyaɗa kai, ina matsawa a hankali, don wari ya ishe ni. Har na gama zana gidansa a raina: ba shara, ba wanki. Ni kuwa rigakafi kawai na kawo tawa kyanwar, tana kan cinyata fes, kamar ubangidanta.

Sai ga shi yana miƙo mini tsumma, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan'uwa, goge wandonka. Taka ma ta fara."