Binciken Auren Yazid Maƙeri

Ranar kasuwar Tsafe aka kama Yazid ɗan Malam Tambaya kwance a ƙarƙashin injin casar wani bawan Allah, riƙe da ɗan ma'auni mai baki kamar na kada. Mai injin ya fizgo shi ta ƙafa, wando ya biyo hannunsa, Yazid ya miƙe a tsakiyar masu hatsi da gajeren wandon ciki. Wai ƙara ya ji a jikin wani ƙarfe, shi ne ya shiga aunawa. Ba sallama, ba neman izini!

Katangarmu ɗaya a Kekun Waje, na san shi tun yana kwance rediyon ubansa ya kasa mayarwa. Da ya tafi kwaleji a Gusau mun ɗauka likita za a dawo mana da shi, sai ya dawo ya ce ƙira ya karanta. Maƙeri ba zugazugi, ba gawayi, tafin hannu kamar na amarya? Kwamfuta kawai yake buɗewa, wasu bututai na ta juyi a ciki. A zamanin nan na 'yan bindiga kuwa, ka ga bututu ai dole gabanka ya faɗi.

Da Alhaji Zakari na Wanke ya zo binciken aure, don Yazid na neman 'yarsa Zulai, da ni ya fara cin karo. Na ce, "Alhaji, yaro na salla, ba ya shaye-shaye. Amma abin da yake ƙerawa, Allah ne masani." Na ɗora masa da labarin wando. Alhaji ya ce babu sa rana sai ya gani da idonsa, kuma ni zan raka shi.

Muka iske Yazid a wurin aikinsu a Gusau, gaban wani inji mai girman rumbu, da tagar gilashi. Ya nuna mana zanen abin da zai ƙera, ya ɗaure guntun ƙarfe a cikin injin, ya danna. Inji ya hau sassaƙa, wani ruwa fari kamar nono na fesowa. Ni dai na tsaya kusa da ƙofa.

Alhaji ya karɓi abin da ya fito, ya jujjuya, ya bi shi da farce.

"Malam Buba, ai sandar injin ban ruwa ce. Duk rani sai tawa ta karye. Yaro, ka turo magabatanka."

Ni ban gamsu ba. Na ce, "Alhaji, a dai duba. Shi dannawa kawai ya yi, injin ne ya yi aikin. In gaskiya za a bi, injin ya kamata a ba Zulai."

Yazid ya goge hannunsa da tsumma, ya ɗan rusuna kamar mai ladabi.

"Kawu Buba, tun kafin a haife ni shanu ke yi maka huɗa, kai naka bin bayansu kana ihu. Ban dai ji an ɗaura wa bajimi aure da matarka Inna Asiya ba."