Irin Albasar Attahiru

Attahiru na Jiga Birni, amininmu, Allah Ya jiƙan shi, manomin albasa ne, ɗan manomi. Bai gaji gida mai bene ba. Abin da ya gada goran iri ne daga kakarsa Gudiya, kuma duk shekarar da cutar ƙunar ganye ta cinye fadamun Aliero, tasa albasar tana nan tsaye shar.

Labarin ya kai kunnen Malama Mufida, mai binciken tsirrai. Ta zo har gona, ta roƙi ludayi guda na irin. Ta ce akwai ɗakin sanyi inda ake adana iri na garuruwa da yawa, duk masanin da ke neman maganin cutar sai a ɗibar masa.

"Ɗiyata, albasa ma har da firji?" in ji shi yana dariya. "Gidanmu ba a fidda iri sai an zuba na gida. Ki komo bayan zubi."

Zubin da bai yiwu ba ke nan. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi shekara biyu. Goran yana rataye ƙarƙashin rufin kwano, zafin bazara na gasa shi, shi kuwa hankalinsa kwance, yana zaton kamar gero ne da ke shekaru a rumbu. Sai da abokinsa Sahabi ya faɗa masa gaskiya: irin albasa in ya haura shekara, mutuwa yake somawa.

Ranar Attahiru ya yi kuka kamar yaro.

"Ɗauke ni, Sahabi."

"Kai da ko zama ba ka iyawa?"

"Ɗaure ni da rawani. In na faɗi, ka wuce da goran."

Haka suka shiga Aliero, inda ɗakin sanyin yake, a kan babur, ɗaure da juna. Malama Mufida ta shimfiɗa ƙwayoyin gaba ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar takarda, ta ce a jira kwana goma sha biyu. Kullum da safe tambayar Attahiru ɗaya ce: "Sun tsira?" Ya daina tambayar magani.

Uku suka tsira. Sahabi ya kawo labarin, ya kasa duban idonsa.

"Uku ai ba babu ba ne," in ji Attahiru. "Ka ce mata ta ba kowa."

Bayan kwana biyu ya cika. Malama ta ce sai sun yi kai, an sake dasa su sun yi fure, kafin a samu abin sawa a ɗakin sanyi. Ɗaya ya bushe makon jiya. Saura biyu, kuma Sahabi yana zuwa duba su kowace Juma'a.